Tsakanin Yatsa da Maɓalli: Wa Ke da Hurumin Tare Taɓawa?

Duk mai aika saƙon murya ta WhatsApp ya san yadda ake yi, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba. Ka ɗora babban yatsa a kan alamar makirfo, ka danne, ka soma magana. In ka yi suɓul da baka, sai ka ja yatsan zuwa hagu, saƙon ya goge. In zancen mai tsawo ne, ka tura yatsan sama ya kulle, ka sauke hannu ka ci gaba da bayani. Yatsa ɗaya ne, wuri ɗaya ya sauka, amma manufa uku ke iya fitowa daga gare shi, kuma akwai abin da ke cikin wayar yana tantance wacce ka nufa. Wannan tantancewa ba ta yiwuwa sai an tare taɓawar a hanya, an riƙe ta na ɗan lokaci, an ga inda ta dosa, sannan a miƙa ta ga wanda ya dace ko a hana ta isa ɗungurungum.

A wayoyin Android, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, Tecno ne ko Itel ko Infinix ko Samsung, abin da ido ke gani a fuskar waya ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Hawa-hawa ne: babban shafi, a cikinsa jerin da ake ja sama da ƙasa, a cikin jerin layuka, a kowane layi maɓalli ko hoto. Idan yatsa ya sauka, labarin saukarsa ba ya faɗawa kai tsaye a kan maɓallin da aka nufa. Tamkar baƙo ne da ya yi sallama a gidan gargajiya, sai ya bi ta zaure ya wuce shigifa kafin ya kai cikin gida, kuma a kowane mataki akwai mai ikon cewa baƙon nan nawa ne, ya tsaya nan. Ana fara tambayar hawan da ke waje ko yana son karɓe taɓawar, a wani gurbi da masu gina Android suka sa wa suna onInterceptTouchEvent. In ya ce a'a, ta wuce ciki. Jerin da ake ja yakan bar saukar yatsa ta isa ga maɓalli, amma yana nan ya zuba ido. Da zarar yatsan ya gusa fiye da milimita 1 da 'yan kai, sai ya gane ja ake so ba dannawa ba, ya ƙwace sauran motsin, a sanar da maɓallin cewa an fasa. Shi ma na cikin yana da damar ya roƙi na wajensa kada su sa baki, kuma haka taswira ke yi idan aka dasa ta a tsakiyar shafi mai jawuwa. A iPhone sunaye da tsarin sun bambanta, amma can ma akwai masu gane motsin yatsa da ke fara ganin taɓawa, su soke ta in sun ga tasu ce.

Har nan babu gardama. Gardamar tana kan iyaka. Wanda ya iya tare taɓawa domin ya fahimce ta, ya iya tare ta domin ya hana ta, ya kuma iya kwafe ta ya ajiye kafin ya sake ta. Shekara fiye da 10 ke nan masu haɗa manhaja suna ja-in-ja a kan wannan batu da kamfanonin Google da Apple, da kuma junansu. Wasu na cewa a sakar wa mai haɗa manhaja mara, domin yawancin abubuwan kirki da waya ta iya a yau daga wannan 'yanci suka fito. Wasu kuma na cewa yatsa na mai waya ne, duk wanda zai shiga tsakaninsa da abin da ya nufa sai ya kawo hujja, kuma ko ya kawo sai an gindaya masa sharaɗi.

Masu neman a saki mara suna da hujjar da kusan kowa ya ɗanɗana. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a Nijeriya, mutane da dama da ba su saba ba suka koma tura kuɗi ta waya, sabis kuwa ya yi nauyi. Mutum yana tsaye gaban mai shago, ya danna maɓallin turawa, abu yana ta juyawa, alat bai shigo ba, mai shago ya ƙura masa ido, na bayansa suna jira. Hannu da kansa yake sake dannawa, ya kuma sakewa. Manhajar da aka gina da hankali tana haɗiye dannawa ta biyu da ta uku, ba ta barin su isa ko'ina. Tarewa ce ƙarara, mutum ya danna an ƙi isar da dannawarsa, amma ba wanda zai ce an tauye masa haƙƙi, domin da an isar, da kuɗin buhun shinkafa ɗaya ya fita sau uku. Haka ɗalibin da ya ɓata rabin sa'a yana cike fam na neman gurbin karatu, yatsansa ya gogi maɓallin komawa baya bisa kuskure. Manhajar da ta tare wannan gogawa ta tambaye shi ko da gaske fita zai yi, ta yi masa gata.

Suna kuma kafa hujja da tarihi, kuma a nan maganarsu tana da nauyi. A watan Agustan 2010 Apple ya cire wata manhajar ɗaukar hoto mai suna Camera+ daga kantinsa. Masu ita sun so a riƙa ɗaukar hoto da maɓallin sauti na gefen waya, wato su tare dannawar da aka tanada domin sauti su mayar da ita ta kyamara. Apple ya ƙi, ya ce hakan zai rikita masu waya. Su kuma suka ɓoye dabarar a cikin manhajar, aka gano, aka fitar da su na wasu watanni. A Oktoban 2011 sai ga iOS 5, maɓallin ƙara sauti ya zama na ɗaukar hoto a kyamarar kamfanin kansa. Jan jeri ƙasa domin sababbin labarai su shigo, abin da yau kowa ke yi a Facebook ba tare da tunani ba, shi ma ba babban kamfani ne ya ƙago shi ba. Wani mai haɗa manhaja ne, Loren Brichter, ya sa shi a manhajarsa ta Tweetie 2 a 2009. Abin da masu wannan ra'ayi ke nufi shi ne, dokar da za ta hana ba wa taɓawa sabuwar ma'ana, tun kafin a ga amfanin abin za ta kashe shi, kuma mai kafa dokar shi ne zai zo daga baya ya ɗauki dabarar.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi makafi ne. Ga makaho, fuskar waya gilashi ne sumul, ba tudu ba kwari, ba abin da yatsa zai lalubo kamar yadda ake lalubo lambobin ƙaramar Nokia. A 2009 Apple ya sa VoiceOver, mai karanta wa makaho abin da ke fuskar waya, a cikin iPhone 3GS, a shekarar kuma irinsa mai suna TalkBack ya bayyana a Android, sannan a 2011 aka ƙara masa damar lalube da yatsa. Idan aka kunna TalkBack, ɗora yatsa ba ya danna komai. Wayar ce ke faɗin sunan abin da ke ƙarƙashin yatsan, mutum ya yi ta yawo da shi yana saurare har ya kai inda yake so, sai ya ƙwanƙwasa sau biyu a jere, a lokacin ne ake zartarwa. Jan shafi kuma sai da yatsu biyu. Babu tarewar da ta kai wannan girma, domin kowace taɓawa a cikin kowace manhaja sai ta bi ta hannunsa. Wanda hannunsa ya shanye ko yake karkarwa shi ma yana iya haɗa wani maɓalli babba daga waje ya sarrafa waya da shi kaɗai. Domin irin waɗannan bayin Allah ne Android ya buɗe izini na musamman na taimakon masu lalura, wanda ke ba manhaja damar karanta abin da ke fuskar waya, kuma tun daga Android 7 na 2016 har ta iya dannawa da ja a madadin mai wayar.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu rabon a cikin wannan hujja. Kibod ɗin waya manhaja ce da ke tsaye tsakanin yatsa da duk sauran manhajoji. Ka danne harafin k ɗan lokaci a kibod ɗin Hausa na Gboard, mai lanƙwasar ya fito, haka b da d. Wani ne ya tare dannawar, ya auna tsawonta, ya ba ta wata ma'ana. Android ya yarda a sauya kibod tun 2009, iPhone kuwa sai da iOS 8 a 2014. Harsuna masu yawa da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba, da kibod irin na Keyman, wanda cibiyar SIL ke kula da shi, masu su ke rubutu. In aka toshe wannan hanya, ba Ingilishi ne zai ji a jikinsa ba.

Ɗaya ɓangaren ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne an nuna ribar an ɓoye kuɗin da aka biya. Mafi sauƙin kuɗin shi ne nauyi. Fuskar wayar da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa tana ba manhaja kimanin milisakan 16 ne kacal ta gama aikinta a kowane zagaye, kuma duk mai tare taɓawa yana cin wani abu a ciki. A waya mai tsada ba a ji, a waya mai araha kuwa shi ne sanɗar nan da ake ji idan ana jan shafi. In manhaja ta riƙe taɓawa daƙiƙa 5 ba amsa, Android da kansa ke fitowa ya ce ta daskare, ya tambaya ko a rufe ta. A shafukan intanet abin ya kai ga burauza sai ta jira lambobin shafi su faɗi ko za su hana ja kafin ta motsa, alhali mafi yawansu ba hanawa za su yi ba, saurare kawai suke. A farkon 2017, da fitowar Chrome 56, Google ya daina jiran masu sauraren da aka ɗaura a kan shafi baki ɗaya. Masu gina shafuka sun yi ƙorafin an ɓata musu aiki ba shawara, kuma wasu shafukan sun lalace da gaske, amma ba a janye matakin ba.

Sai kuma maɓallin komawa baya, wanda ya fi kowane shan wahala. Damar da ta ceci ɗalibin nan mai cike fam, ita ce dai wasu manhajoji ke amfani da ita su riƙe mutum. Ka danna baya, talla ta fito. Ka sake dannawa, a tambaye ka ko ka tabbata. Ka sake, a mayar da kai shafin farko. Wannan ba taimako ba ne, tsarewa ce, kuma a ganina ba ta da wani uzuri. Shi ya sa ba a bar wa manhajoji na yau da kullum maɓallin komawa babban shafin waya ba, domin ko yaya aka matsa wa mutum ya samu mafita ɗaya da ba mai iya toshewa. Lokacin da Android 10 ya zo a 2019 da komawa baya ta hanyar shafa daga gefe, an ba manhajoji damar keɓe wani yanki na gefen domin nasu amfanin, amma aka ƙayyade shi, kimanin santimita 3 a kowane gefe. A Android 13 na 2022 aka soma wani sabon tsari: manhaja ta faɗa tun da wuri ko za ta karɓi komawa baya a wannan shafi, ba sai an danna ta yanke shawara ba, domin wayar ta iya nuna wa mutum inda zai koma tun yatsansa bai bar gilashi ba. Zuwa Android 16 a 2025, manhajojin da aka gina dominsa an daina kiran tsohuwar hanyar a cikinsu, sai wadda ta nemi a ɗaga mata ƙafa.

Hujjar makafi ma tana da baki biyu, kuma wannan shi ne abin da masu neman 'yanci ba su cika faɗa ba. Maɓallin da Android ya tanada yana zuwa da suna da bayanin aikinsa, TalkBack ya san shi, ya san yadda zai danna shi. Amma mai haɗa manhaja da ya ga ya iya, ya zana nasa maɓallin, ya riƙa karɓar ɗanyen motsin yatsa yana fassarawa da kansa, sau da yawa yakan manta ya sanar da wayar cewa wannan abu maɓalli ne. Mai gani ba zai lura ba. Makaho kuwa zai yi ta lalube wayar ta yi shiru, ko ta ce masa ga wani abu marar suna. A ɗauki manhajar kuɗi da ta ƙera nata allon buga lambar sirri, tana sauya wa lambobin wuri kowane shiga domin tsaro, amma ba ta sa musu suna ba. Abin da ya rage wa makahon shi ne ya miƙa wa wani wayarsa ya faɗa masa lambobin da baki, a cikin shago ko a tasha, kowa na ji. Tarewar da aka yi domin a kare kuɗinsa ita ce ta tona asirinsa. Kayan binciken lambobi na Android suna gargaɗi a kan wannan kuskure, amma gargaɗi ne da ake iya tsallakewa.

Daga nan zancen ya bar sakaci ya shiga leƙen asiri. A Fabrairun 2019 jaridar TechCrunch ta bayyana cewa manhajojin iPhone na wasu manyan kamfanoni, cikinsu har da Air Canada da Expedia da Hollister, suna ɗauke da kayan wani kamfani mai suna Glassbox, wanda ke naɗe duk dannawa da ja da rubutun da mutum ya yi domin a sake kallonsu daga baya kamar fim. A ta Air Canada an gano ba a rufe wasu gurabe yadda ya kamata ba, har lambar fasfo da ta katin banki suna iya bayyana. Apple ya umarci masu manhajojin su sanar da jama'a su nemi yardarsu, ko su cire kayan. A Agustan 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa burauzar da ke cikin TikTok a iPhone tana cusa wa shafukan da aka buɗe ta cikinta lambobin da ke iya sauraren kowane harafi da aka buga. Kamfanin ya ce ba ya tattara abin da aka buga, lambobin na gano matsala ne da auna sauri, shi ma Krause ya fito fili ya ce bai tabbatar da an kwashi wani abu ba. Sai dai kunnen yana nan a kafe, kuma mai wayar bai san da shi ba. Kibod ɗin da muka yaba shi ma bai tsira ba: a Disambar 2017 aka tarar da bayanan mutum fiye da miliyan 31 masu amfani da kibod ɗin ai.type a wani rumbu na intanet da ba a ko sa masa kalmar sirri ba.

Ƙarshen lamarin sata ce tsagwaronta. A 2017 masu bincike daga jami'ar Georgia Tech da ta Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka suka nuna cewa izini biyu sun ishi muguwar manhaja ta mallake waya: na shimfiɗa hoto a saman sauran manhajoji, da na taimakon masu lalura. Da na farko za a rufe maɓallin gaske da na bogi, mutum yana ganin yana danna ci gaba da kallon bidiyo, alhali izini yake bayarwa a ƙarƙashi. Da na biyu za a karanta abin da yake bugawa, a danna abin da aka ga dama. Sun gwada da mutum 20, ba ko ɗaya da ya farga. 'Yan damfara ba su tsaya a gwaji ba. FluBot, wadda ta ɓulla a Sifaniya a ƙarshen 2020, takan zo ne ta saƙon tes cewa ga kayanka an aiko, danna nan ka bibiya. Tana shiga sai ta nemi izinin taimakon masu lalura, ta riƙa shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar banki, ta kwashi lambobin da ke wayar ta aika musu irin saƙon. Sai a 2022 'yan sandan ƙasashe 11, da na Holan a gaba, suka rushe ta.

Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu neman 'yanci, kuma ba adalci ba ne a hukunta kowa saboda ɓarawo. Suna tuna Nuwamban 2017, lokacin da Google ya aika wa masu manhajoji wasiƙa cewa duk mai amfani da izinin taimakon masu lalura ba domin masu lalura ba, ya daina cikin kwana 30 ko a cire shi daga kanti. Waɗanda abin zai shafa har da manhajojin ajiye kalmar sirri irin su LastPass da masu sarrafa ayyukan waya irin su Tasker, waɗanda ba su cuci kowa ba. Hayaniya ta yi yawa, kamfanin ya dakata. Tambayarsu kuma tana da ma'ana: wa ya naɗa kamfani biyu na Amurka alƙalan abin da ya halatta yatsan mutanen duniya ya yi? Ga shi tun daga Android 13, manhajar da aka saka daga fayil ba daga kanti ba, ba ta samun wannan izini sai mai wayar ya shiga wani lungu na saiti ya buɗe da kansa. A inda data ke da tsada, manhajoji suna yawo daga waya zuwa waya ta Xender, irin wannan shinge yana iya faɗawa a kan mai gaskiya, har da matashin da ya haɗa wa makafin garinsu wani abin taimako bai da halin sa shi a kanti. A bar wa mai waya zaɓi, in ji su: a nuna masa gargaɗi, in ya yarda shi ke nan.

A nan ne na rabu da su. Zancen yarda yana da daɗin ji, amma a duba yadda ake bayar da ita a wurinmu. Dattijo ya sayi waya a Farm Centre a Kano ko a wata kasuwar waya, ya miƙa wa yaron shago ya loda masa abubuwa. Yaron, ba da mugun nufi ba, yana sauri ga wasu na jira, duk tambayar da ta fito sai ya danna amincewa. Ko wata uwa a gida, jikanta ne ke saita mata komai. Gargaɗin da ya fito, yawanci da Turanci yake, Turancin ma na lauyoyi da injiniyoyi. Wanda bai karanta ba, bai ma ga lokacin da aka tambaya ba, ba a ce ya yarda. In aka ce kariyar mutum ita ce ya fahimci gargaɗi, to an ba masu boko kariya an bar sauran a fili, su ne kuwa suka shigo harkar kuɗi ta waya a baya-bayan nan, kuma su ne asarar dubu 20 ke durƙusarwa.

Duk da haka ban ga hikimar rufe komai ba, kuma tarihin Android kansa ya nuna hanya mafi kyau. Manhajojin ajiye kalmar sirri sun rungumi izinin masu lalura ne domin ba su da wata hanya ta cike gurbi a cikin wata manhaja. A Android 8 na 2017 aka yi musu tasu hanyar ta cike gurabe kawai, wadda ba ta ba su ikon kallon komai da danna komai. A Android 12 na 2021 aka hana taɓawa ratsa hoton da wata baƙuwar manhaja ta shimfiɗa a sama, aka kuma ba manhajojin banki damar kore irin waɗannan hotuna daga kansu. A iPhone, da an shiga gurbin kalmar sirri, kibod ɗin waje yana ja da baya na kamfanin ya karɓa, a gama ya dawo. Ba a hana Bahaushe haruffansa ba, ba a kuma bar kibod ya ga sirrinsa ba. Wannan shi ne aikin da ya kamata a matsa wa Google da Apple su ci gaba da yi: duk buƙatar gaskiya a yanka mata izini daidai girmanta, a bar babban izinin ga waɗanda aka yi shi dominsu. Ya fi wasiƙar barazana wahala da tsada, shi ya sa yake tafiyar hawainiya, kuma laifin jinkirin nasu ne, ba na ƙananan masu haɗa manhaja ba.

Ga mai haɗa manhaja kuwa, tambayar da nake ganin ta fi raba gardama ita ce ina taɓawar ke zuwa bayan an tare ta. In a cikin manhajarsa ta tsaya, ta yi aikinta nan take ta ɓace, kamar ta saƙon murya ko ta hana biya sau biyu, ya tare yadda ya ga dama, muddin bai toshe wa mutum hanyar fita ba kuma bai bar makaho a duhu ba. In kuwa za ta bar wayar ta tafi wani rumbu, hukuncin ya juya, asalinta haramci ne sai an kawo dalili.

Akwai wurin da wannan ma'auni nawa ke tangal-tangal, kuma ya kamata a faɗa. Wasu bankuna a duniya suna aiki da kamfanoni irin su BioCatch, masu auna yadda mutum ke taɓa waya: saurin bugunsa, yadda yake ja, yadda yake karkata wayar a hannu. In ɓarawo ya samu lambar sirri daidai amma hannunsa ba irin na mai asusun ba ne, ana iya tsayar da kuɗin. Taɓawa ce ke barin waya, kuma domin kare mai ita. Wanda aka taɓa kwashe wa asusu cikin dare ba zai so a hana wannan ba, ni ma ba zan so ba. Amma sharaɗin ya zama a auna yadda aka buga, ba abin da aka buga ba, a faɗa wa mutum da harshen da yake ji, kuma kada bayanin ya koma hannun masu talla. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a Yunin 2023, da hukumar da ta kafa, sun ba da madogara a kan neman yarda da taƙaita abin da ake tarawa. Saura a ga an bi ta har cikin manhajoji.

Matasanmu da ke haɗa manhajojin adashi da na makarantu da na sayar da data, yawancinsu ba su taɓa zama da niyyar leƙen kowa ba. Hatsarinsu yana cikin ƙunshin lambobin da suke arowa kyauta domin talla ko ƙididdigar masu shiga, su liƙa ba su buɗe sun duba ba, alhali wasu daga ciki suna naɗar motsin yatsa. Gwaji biyu ba sa cin ko sisi. Mutum ya kunna TalkBack, ya rufe idonsa, ya gwada yin rajista da biyan kuɗi a manhajarsa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya haɗa wayar da kwamfuta ya kalli bayanan da ke fita daga cikinta yayin da yake rubutu a gurbin lambar sirri. In ya ga wani abu yana fita tun bai danna maɓallin turawa ba, ya nemo ƙunshin da ke aika shi ya cire kafin manhajar ta kai hannun kowa.